Maganin Kafinta, Maganin Auta

Tun ranar farko ban yarda da tsarin nan ba, kuma a gaban idon likitar na faɗa. Ta yaya mutum yana haki kamar zai shiɗe, a miƙa masa kwalbar magani, sannan a ce masa wataƙila magani ne a ciki, wataƙila kuma babu komai? Na ce, "Likita, don Allah wasa ake yi da mu ne?"

Mijina ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na janye ƙafata, na ci gaba da kallon matar.

Ba ta ji haushi ba. Ita ba ta cika jin haushi ba, abin da ke ƙara tunzura ni ke nan. Ta ce maganin sabo ne, bincike ake yi a kansa, har yanzu ba wanda zai iya rantsuwa cewa yana taimako, ko ma ba ya cutarwa. Hanyar da za a gane ita ce a raba marasa lafiya gida biyu. Rabi su sha na gaske, rabi su sha wata ƙwaya mai kama da shi sak, launi ɗaya, girma ɗaya, amma ba magani a cikinta. In an daɗe sai a duba a ga wane ɓangare ya fi samun sauƙi. Tsofaffin magungunansu kuwa ba wanda zai taɓa, za su ci gaba da shan abinsu.

Na ce, "To wa ke zaɓa?"

Ta ce, "Kwamfuta. Ni kaina ban san wanda ya samu wanne ba, Sista, nas ɗin da ke taimaka mini, ita ma ba ta sani ba. Lamba kawai muke gani a jikin kwalba."

Na ce a raina, likitar da ba ta san abin da take ba mutum ba, ai sai addu'a.

Su biyu ne a gabanta ranar, mijina da ƙaninsa. Mijina kowa Kafinta yake ce masa, har ni, har 'yan matanmu biyu in suna son su tsokane shi. Ƙaninsa kuma Auta, tun yana rarrafe har ya yi gemu sunan bai sake shi ba. Ciwonsu ɗaya, kuma gadonsa suka yi. Naman zuciya ne yake saki, ta kasa tura jini yadda ya kamata, sai ruwa ya taru a ƙafa da ciki da huhu. Shi ya kashe mahaifinsu tun Kafinta yana saurayi, Auta bai ma shiga makaranta ba. Kafinta ne ya raine shi a shagon katako, ya sa shi makaranta, ya biya masa koyon tuƙi. Auta ya yi shekaru yana jan bas, har ranar da ya sume a kan sitiyari, Allah ya taimaka a tasha ne motar tana tsaye. Daga nan ya dawo ɗakin da ke bayan gidanmu, aka ɗage maganar aurensa sai ya samu lafiya.

Duk su biyu suka yarda su shiga binciken. Me za su yi? Magungunan da suka daɗe suna sha sun kai inda za su kai, ƙafa tana kumbura, a ƙara ƙwayar fitsari, ta sace, bayan ɗan lokaci ta dawo. Mijina ba ya iya kwanciya sai ya tara filo a bayansa, a zaune yake barci. In ya yi tari ina jin ruwa yana motsi a ƙirjinsa. Ni ɗinki nake yi a gida, na sha tsayar da keke don in saurara ko yana numfashi.

Bayan wasu watanni sai ga abin mamaki. Kafinta ya fara sauƙi. Takalminsa na fita, wanda na riga na ɗaga na ajiye a saman sif, ya ce in sauko masa da shi, kuma ƙafar ta shiga. Ya rage filo. Ya koma shago, da farko zama kawai yake yana nuna wa abokin aikinsa abin da zai yi, daga baya na ji ƙarar zarto na leƙa na ga shi ne riƙe da shi. Ranar asibiti ya hau matakalar bene har ɗakin binciken bai tsaya ya dafa bango ba. Wallahi ranar sai da na shiga banɗakin asibitin na yi kuka, don kada ya gani ya yi mini dariya.

Auta kuwa bai yi sauƙi ba. Ba faɗuwa ya yi gaba ɗaya ba, a'a, zamewa yake a hankali. Wannan zuwa sikeli ya nuna ruwa ya ƙaru, wancan zuwa Sista ta ce ya ɗan ragu, amma kullum sai an jira shi a tsakiyar matakala.

A barandar da muke jira, kowa ya zama likita. Akwai dogon benci a jikin bango, da fanka ɗaya da ba ta isa kowa, da marasa lafiyan binciken da masu rako su, duk mun san juna. Aikinmu ke nan, cankar wa ke shan na gaske, wa ke shan fanko. Wata tsohuwa ta ce ita ta tauna tata ta ji ɗaci, saboda haka ta gaske ce. Wani mai gyaran agogo ya ce ƙarya ne, har fankon suna sa masa ɗaci don kada a gane. Wani ya jiƙa tasa a ruwa yana kallon yadda take narkewa. Ba a taɓa yin ittifaƙi a kan kowa ba sai a kan mutum biyu: Kafinta na gaske yake sha, Auta fanko. Ai ido ba ya buƙatar kwamfuta, in ji tsohuwar.

Auta ma ya yarda, har ya mayar da abin wasa. Shi da ni dama ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Ya ce, "Matar Yaya, ni fa alli suke ba ni. Nan gaba in 'yan matanki suna son a yi musu lissafi a allo, su zo kawai in goga musu yatsa." Na ce, "Ka dai sha allinka ka yi shiru, malalaci, ka samu dalilin ƙin wanke motar mutane." Muka yi dariya, tasa ta ƙare da tari.

Kafinta bai yi dariya ba. Da muka shiga wurin Likita ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce, "Likita, alfarma nake nema. A mayar da yaron nan ɓangaren da nake."

Ta ce, "Wane ɓangare kake?"

Ya ce, "Haba Likita. Dube ni, ki dube shi."

Ta ajiye biro ta ce masa ba ta da ikon sauya kowa, kuma ko tana da shi ba ta san inda za ta mayar da shi ba. Ta ce akwai waɗanda ke samun sauƙi don kawai tun da suka shiga binciken ana sa musu ido, suna shan tsofaffin magungunansu kan lokaci, sun rage gishiri. Akwai kuma waɗanda ciwonsu ke gaba ko me aka ba su, wataƙila ma da ba a ba su ba da ya fi haka sauri. "Kada ka yanke hukunci da ido," in ji ta.

Ya ce, "To, na gode." Na san wannan to ɗin nasa. Shi yake yi wa mai kawo aiki in ya riga ya yanke yadda zai haɗa kujerar.

Wata rana da azahar na kai masa abinci shago, ranar da suka karɓo sababbin kwalabe. Dama shi ke tsayawa layi ya karɓo wa su biyu, don Auta ba ya jure tsayuwa. Na tarar ya tura ƙyauren shagon, abin da ba ya yi da rana. Na tura na shiga. Yana tsaye a gaban teburin aikinsa, ya share ƙurar katako, ya shimfiɗa farin hankici. A kai ga ƙwayoyi kashi biyu, ga kwalabe biyu a buɗe. Da bayan cokali yake turawa, yana zuba na hagu a kwalbar dama.

Kwanon abincin ya kusa suɓuce mini. Na ce, "Me kake yi?"

Ya ce, "Rufe ƙofar."

"Na ce me kake yi, Kafinta?"

Bai ɗago ba sai da ya gama, ya murɗa murafen, ya sa ɗaya a aljihun dama ɗaya a na hagu. Sannan ya ce, "Na sha rabona. Na miƙe. Bari shi ma ya ɗan sha."

Ashe ba ranar ya fara ba, tun karɓowar da ta wuce yake yi. Auta bai sani ba, don da ya sani ba zai karɓa ba. Mijina, uban 'ya'yana, ya kwashe maganin da ya tashe shi daga kan filo ya zuba wa ƙaninsa, shi kuma yana haɗiyar fanko safe da yamma, ni ina miƙa masa ruwa ina cewa Allah ya ƙara sauƙi.

Na yi tsalle na dire. Ban san irin maganganun da na faɗa ba, amma na san na ce masa mahaukaci, kalmar da ban taɓa faɗa masa ba tun da aka kawo ni gidansa. Na ce, "'Ya'yanka fa? Su wa za ka bar wa? Ni na ga yadda kake kwana a zaune, ba Auta ba, ba likita ba, ni! Ka tambaye ni kafin ka ba da ranka kyauta?"

Ya ce, "Ni na goya yaron nan a bayana ina feƙe katako. Ki ce in zauna ina hawa bene da gudu shi yana mutuwa a bayan gidana?"

Na ce, "Gobe zan je in faɗa wa Likita."

Nan ya dube ni. Ya ce, "Ki je. Sai su kore mu mu biyu, ba ni ba shi, kowa ya rasa. In kin yi haka kuma, ban yafe miki ba." A hankali ya faɗa, bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki kwanon ya buɗe, ya ce abincin ya yi ƙamshi.

Daga ranar ban sake samun natsuwa ba. Kowace safiya kafin ya sa takalmi sai na durƙusa na danna masa yatsa a idon sawu in ga ko zai lotsa. Yana ture ni yana cewa in bar shi, ni ko a jikina. Na ɓata wa mutane ɗinki. Na yanka hannun rigar wata mata duka biyu na gefe ɗaya, ta zo ta wanke ni tas. Babbar 'yarmu ta tambaye ni me ya sa nake bin Baba da kallo kamar zai gudu, na daka mata tsawa ba laifin komai.

Kuma abin da nake tsoro ya fara. Kafinta ya soma jiri. In ya miƙe daga zaune sai ya dafa bango ya rufe ido. Bakinsa yana bushewa, yana yawan shiga banɗaki. Wata rana a shago jirin ya ɗebe shi yana riƙe da kurfin sassaƙa katako, ya yanke a tafin hannu, ya dawo gida da tsumma a naɗe. Na ce shi ke nan, ga shi nan, fankon ya fara nuna kansa, ciwon yana dawowa. Na roƙe shi, na yi kuka, na kama ƙafarsa. Na ce ko rabi da rabi ne su yi. Ya ce rabin magani ba ya tashin kowa.

Sai na yanke zan sato. Ba kunya a ciki, maganin mijina ne. Na san Auta yana ajiye kwalbarsa a kan taga, kusa da rediyonsa. Na ɗauko ta Kafinta daga aljihun rigarsa yana banɗaki, na ɓoye a haɓar zane, na jira hantsi lokacin da Auta ke fitowa ya sha iska a tsakar gida. Da na ji shiru na ɗauka ya fita, na ɗaga labulen ɗakinsa na shiga.

Yana nan zaune a bakin gado. Yana so ya fita ɗin, takalmi ne ya gagare shi. Ya sunkuya ya kasa, numfashi ya tsaya masa a wuya, ya dafa gwiwa yana jira ya dawo. Ƙafafunsa sun yi suntum, fatar tana ƙyalli. Ya ɗago ya gan ni, ya yi ƙoƙarin murmushi.

Ya ce, "Matar Yaya... kin zo ki ga... yadda malalaci ke hutawa?"

Na durƙusa na sassauta maɗaurin takalmin, na cusa masa ƙafar da ƙyar. Kwalbar tana kan taga, hannu kawai zan miƙa. Ya bi idona da kallo, ya ce, "Yauwa, kin tuna mini. Miƙo mini allina, ban sha na safe ba."

Na ɗauko. Na buɗe da hannuna, na zazzago ƙwaya ɗaya a tafinsa, na zuba masa ruwa a kofi. Ina kallo ya haɗiye. A raina ina cewa ran mijina ne wannan ya wuce ta maƙogwaronsa, kuma ni na miƙa. Na so in tsane shi a lokacin, wallahi na so, amma yaron da nake wanke wa kayan makaranta ina amarya ne. Na mayar da kwalbar kan taga, na fito da ta Kafinta a haɓar zanena yadda na shiga da ita.

Abin da ya ɗaure mini kai, Auta bai tashi ba. Tun da ya fara shan na yayansa ma abin ya ƙara sauri. Da can yana iya zagaya tsakar gida, yanzu daga gado zuwa ƙofa sai ya huta. Cikinsa ya kumbura, abinci ba ya shiga. Na ce wa Kafinta, "Ga shi nan, kai ka rasa, shi bai samu ba." Ya ce, "Ni ma ai ba rana ɗaya ya kama ni ba. A ba shi lokaci." Ya hana a kai shi asibiti kafin ranar zuwansu, wai kada su yi gwaje-gwaje su gano. Na ce wannan ba daidai ba ne, ya ce saura kaɗan, in yi haƙuri.

Ba mu kai ranar ba. Da safe ina hura wuta na ji wani abu ya faɗi a ɗakin baya. Muka tarar da Auta a ƙasa tsakanin gado da ƙofa, leɓensa ya yi baƙi, zufa ta jiƙe shi sharkaf, jikinsa sanyi ƙalau. Wani kumfa-kumfa yana fita a gefen bakinsa. Kafinta, mai ciwon zuciyar nan, shi ya ɗauke shi cak ya kai bakin titi. Ban san inda ya samo ƙarfin ba.

A ɗakin gaggawa suka sa masa abin iska a fuska, suka manna masa wayoyi a ƙirji, na'ura tana ta ƙara a kansa. Aka kira Likitar binciken ta sauko da sauri, Sista na biye da ita. Ta duba shi, ta duba takardar gwajin jini, ta ja mu gefe. Ta ce jininsa ya sauka ƙwarai, ƙodarsa ma ta fara gazawa. Akwai allurar da suke so su sa masa, amma sai sun san abin da ke jikinsa, don ba a san yadda za ta haɗu da sabon maganin ba.

"A irin wannan hali ne kaɗai aka yarda a buɗe lamba," in ji ta. "Zan kira a gaya mini abin da ke cikin kwalbarsa."

Ta juya ta fita. Na dubi Kafinta. Yana riƙe da ƙarfen gadon, idonsa a kan ƙaninsa. In suka buɗe lambar Auta, abin da za a gaya musu ba shi ne a cikinsa ba. Za su yi masa allura bisa ƙarya. Na ce, "Kafinta." Bai waiwayo ba. Na sake kira, ya girgiza kai kaɗan, ko a'a yake nufi ko bai ji ni ba, ban tsaya tantancewa ba.

Na bi ta da gudu, na cim mata a baranda tana danna waya. Na riƙe mata hannun riga. Ina tsoron kada su kashe Auta da allura, gaskiya ne. Amma kuma ina so a ƙwato wa mijina maganinsa, wannan ma gaskiya ne, kuma ban san wanne ya fi tura ƙafata ba. Na faɗa mata duka, hankicin, cokalin, kwalaben.

Karo na farko ke nan da na ga fuskarta ta canza. Ta rufe ido, ta buɗe. Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Karɓowa biyu da suka wuce."

Ta ce, "Innalillahi." Sannan ta ce wa Sista, "Lamba biyu za a buɗe, ba ɗaya ba." Ta shige ofis ta rufe ƙofa.

Na zauna a benci ina jira. Masu shara suka wuce da bokiti, wani ya zo yana neman ɗakin hoto na nuna masa. Na ga Sista ta fito da sauri ta shiga ɗakin gaggawa da allura a faranti, na ce to, sun sani ke nan. Can ta dawo tare da Kafinta. Ko kallona bai yi ba. Ta ce mu shiga mu biyu.

Ƙaramin ɗaki ne, tebur ɗaya, sikeli a lungu, da kabad ɗin ƙarfe da suke kulle kwalaben. Likita ta ce ya zauna, ya ce a tsaye ma ya yi. Ta ce, "Zauna, don Allah." Ya zauna.

Ya riga ta magana. Ya ce, "Laifina ne, ba na yaron ba, bai san komai ba. Ni ku kore ni. Amma shi ku bar masa nawa ya ci gaba da sha, tunda ya riga ya fara."

Ta ce, "Malam, lambarka fanko ce."

Ya ce, "Na'am?"

"Tun ranar farko ba magani a kwalbarka. Sauƙin da ka samu, naka ne, da tsofaffin magungunanka. Lambar ƙaninka ce ta gaske. Shi yake shan maganin tun da aka fara, har ranar da ka sauya."

Na ji ƙarar fanka, na ji wani yana tura gado a baranda. Jirin nan, bushewar bakin nan, yawan fitsarin nan da nake kuka a kansu, ashe maganin gaske ne ya shiga jikin mijina ba a auna masa ba. Shi kuma Auta, ƙwayar da na zazzaga masa a tafi da hannuna, babu komai a cikinta.

Kafinta ya dube ta. Da ƙyar ya ce, "Ke nan ni na..."

Likita ta ce, "Ba zan ce maka wannan ne ya kawo shi nan ba, don ban sani ba. Ciwonsa dama yana gaba. Har yanzu ba mu san ko maganin yana aiki ba, abin da muke nema ke nan." Ta ƙara da cewa, "Amma ba zan ce maka ba shi ba ne. Wannan ma ban sani ba."

Sai ya cusa hannu a aljihu da sauri, ya ciro kwalbarsa. Ya miƙa mata da hannu biyu. Ya ce, "To ga shi. Nasa ne, ga shi nan, da saura. A ba shi yanzu. A niƙa a sa masa a ruwa, ko ta hanci ne. Likita, don girman Allah."

Ta ce, "Yanzu ba zai yiwu ba. Jininsa ya yi ƙasa da yawa, wannan zai ƙara saukar da shi. In na ba shi yanzu, ni zan ƙarasa shi."

"Gobe fa?"

"Mu ga ya kai goben tukuna."

Ta ce dole ta karɓi kwalbar, ta ɗakin Auta ma a kawo. Daga yau an dakatar da su duka biyu daga shan maganin binciken, za ta rubuta abin da ya faru, za su ci gaba da duba su da tsofaffin magunguna. Shi kuma yanzun nan za a ɗebi jininsa a ga abin da maganin ya yi wa ƙodarsa. Sista ta matso da 'yar leda a buɗe.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Likita, shi fa? Tunda na gasken ne a hannunsa, kuma ya riga ya fara, ba za a bar masa ya ƙarasa ba?"

Kafinta ya juyo ya dube ni, karo na farko tun safe. Ba harara ba ce, da harara ce da na ji daɗi. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ban janye maganar ba, don har cikin raina abin da nake so ke nan. Ƙaninsa yana can yana kokawa da numfashi, ni kuma idona yana kan kwalbar nan.

Likita ta ce, "A'a, Hajiya."

Ya saki kwalbar a cikin ledar. Sista ta ɗaure bakinta, ta rubuta wani abu a jiki, ta sa a kabad ta murɗa makulli. Sannan ta naɗe masa hannun riga, ta ɗaura roba a damtsensa, ta soka allura. Bai ko motsa ba. Ta cika 'yan kwalabenta, ta danna masa auduga ta ce ya riƙe.

Wata nas ta leƙo daga ɗakin gaggawa. Ta ce mara lafiyan ya ɗan farfaɗo, yana ta cire abin iskar yana cewa a kira masa yayansa, mu zo da sauri don ba ya jin magana.

Na miƙe. Kafinta bai miƙe ba. Yana zaune riƙe da audugar a gwiwar hannunsa, yana kallon sikelin da ke lungu.

Na ce, "Kafinta, kai yake kira."

Ya ce, "Je ki ke. Ki ce masa ina zuwa."

Na tsaya a bakin ƙofa na jira shi, nas ɗin ma ta jira. Da ta ga ba shi da niyyar tashi sai ta kama hannuna, muka tafi mu biyu.